Ranar da Rakiya Ta Amsa

Daminar bana ta sauka da wuri. Tun makon jiya ruwa yake zuba a Duwala bai ɗaga ba, albasar da ke rumfata a kasuwar Nkololoun ta fara fitar da warin nan mai zaƙi-zaƙi da duk ɗan sana'armu ya sani, wanda in ya kama riga ko an wanke ba ya fita. Ina zaune ana tsince ruɓaɓɓu, jikata ta biyo daga lakwal, wato makarantar boko, tana ƙorafi. Wai wasu baƙi sun zo sun fidda yara da ƙuri'a, za a yi musu jarrabawar da ake gwada ƙasa da ƙasa, ita kuwa ba ta fito ba. Na ce ta gode wa Allah. Ta dube ni kamar tsufa ya fara taɓa min kai. Ban yi mata bayani ba, don labarin na uwarta ne, uwar kuma ba ta taɓa ba da shi ba.

A shekarun da muke kira lakiris aka yi abin. Yaran yanzu suna jin kalmar kamar sunan wata cuta da ta wuce. An zabge albashin ma'aikata, aka karya darajar kuɗinmu na sefa, kamfanonin unguwar Bassa suka yi ta sallamar mutane. Ni ban taɓa cin albashin kowa ba, da kaina na fara ɗaukar buhu har na kai ga rumfa, amma in mai saye ba shi da shi, kai ma ba ka da shi. A lokacin na fara yanka albasa gida biyu ina sayar da rabi. Matan da a da suke aiko yaro da kwando, su da kansu suke zuwa, su tsaya suna zaɓen rabin da ya fi kauri.

Gidanmu a New Bell na katako ne, irin wanda ake ce wa karabot, ɗakuna a jere, tsakar gida ɗaya, rijiya ɗaya. Idan damina ta kankama, kwata takan cika ta tumbatsa, ruwan ya shigo ta ƙarƙashin ƙofa da duk abin da ya kwaso. Kowa ya ɗora gadonsa a kan bulo. Daga sallar asuba maza mu hau kwarfe ruwa da bokiti, mata su shiga fama da gawayin da ya jiƙe, hayaƙi ya cika gida ba wuta. Karin kumallo garin rogo ne a jiƙa, in da hali a barbaɗa sukari. Da rana kowa ya san ta kansa. Sai yamma matata Hajara take ɗora tukunya, sau da yawa miyar albasar da ta fara lalacewa ce, wadda ba zan iya nuna wa mai saye ba. Yanzu gidan nan bene ne na siminti, ruwa ba ya shiga, amma waɗanda ke ciki ba su san sunan juna ba.

Ɗakin da ke manne da namu na Malam Sule ne, ɗan dako a wani sito a Bassa kafin a sallame shi. Matarsa Asabe ce ta riƙe gidan da makala, irin fanken nan, da wake da take sayarwa a ƙofar lakwal ɗin unguwa. 'Yarsu ɗaya, Rakiya, sa'ar 'yata Bilki ce. Aji ɗaya suke, benci ɗaya, takalmin roba ma sukan yi musaya.

Rakiya 'yar fari ce, Asabe kuma mace ce mai tsohuwar kunya irin ta mutanenmu na da. Tun da ta haife ta ba ta taɓa kama sunanta da bakinta ba. Ba ta ko sa mata laƙabi ba. Daga "ke" sai "'yar nan". Idan yarinyar ta yi nisa, sai ta ce wa Bilki, "Kira min ƙawarki." Rakiya kuwa baki gare ta kamar reza.

"Inna, wai kin manta sunana ne? In faɗa miki? Da *ra* ya fara."

"Rufe min baki, marar kunya. Ɗauki tukunyar nan mu tafi."

"To ki ce *ra* kawai, ni zan ƙarasa."

Gida ya ɗauki dariya, Asabe ta ja mayafi ta rufe baki.

Ambaliyar farko ta shekarar ce ta kawo amai da gudawa. Cutar ta shiga unguwar Kassalafam, ta tsallako mana. Rakiya ta kwanta da safe, washegari muka kai ta makwancinta cikin ruwan sama, ƙasar kabarin tana zamewa daga shebur. Asabe ba ta yi kuka a gaban mutane ba, wannan ma yana cikin kunyar. Ta zauna a ɗaki har aka yi sadakar arba'in, sannan yunwa ta fito da ita, ta koma ƙofar lakwal da kaskonta. Tukunyar waken da Rakiya take ɗaukar mata, Bilki ce ta ci gaba da ɗauka, ba wanda ya sa ta.

Ana cikin haka direktan lakwal, Mesye Ekwalla, ya kira mu 'yan ƙungiyar iyaye. Mutumin kirki ne, takalminsa ya buɗe baki amma kullum a goge yake. Duk Bahaushe a wurinsa Alaji ne, ko da kuwa bai taɓa tsallake gadar Bonaberi ba. Muka zauna a ajin da rufinsa yake yoyo, kowa yana jan bencinsa daga inda ɗigon yake sauka.

Ya ce za a yi wata jarrabawa a ƙasashe da yawa, don a ga inda karatun yara ya tsaya. Ba kowace lakwal ba ce, ba kuma kowane yaro ba. An yi ƙuri'a a Yawunde ta faɗa kan lakwal ɗinmu, aka sake yi ta faɗa kan wasu yara a aji ɗaya. Ya yi ta maimaita wata kalma, *échantillon*, tsofaffinmu suna kallon juna.

Na ce, "Samfur yake nufi. Kamar mai saye ya nuna buhu ɗaya a mota ya ce a farke masa gefe."

"*Voilà*, Alaji. Kuma shi ne yake nunawa, ba mai kaya ba."

Matsalar ita ce sunayen da aka yi ƙuri'ar da su tun farkon shekara aka aika, lokacin da kowane benci yake cike. Da ya karanto su, sai muka ga kusan rabi ba sa zuwa lakwal kuma. Wannan uban an sallame shi, wannan tana talla, wannan an mayar da shi Arewa wurin kaka. A cikinsu ya karanto Rakiya Sule, ya yi sauri ya wuce na gaba.

Na ce, "Direkta, albasar da aka duba a Garwa ba ita ce take sauka a Duwala ba. Ka rubuta musu gaskiya mana, wane ya tafi, wance ta rasu."

"Na sani, Alaji. Amma an gaya min in yaran da suka zauna ba su kai yadda ake so ba, za a cire lakwal ɗin nan a ɗauki wata. Suna da wata a ajiye, can unguwar masu mota. Ita ce za ta tsaya a madadinmu, a ce haka yaran New Bell suke."

Wani dattijo ya tambaya ko akwai abin da za a ba lakwal ɗin da ta yi. Direkta ya ce ba wanda ya yi masa alkawarin komai, amma da yake faɗa idonsa yana kan ramin rufi. Kafin mu kai gida labari ya riga mu: wai duk lakwal ɗin da ta cika yaranta za a yi mata sabon kwano.

Sai muka raba unguwa a tsakaninmu. Ban taɓa ganin iyayen New Bell sun haɗa kai kamar makon nan ba, Bahaushe da Bamileke da ɗan Bassa. Muka naɗe wando zuwa gwiwa, muka yi ta bin lungu a kan katakan da aka shimfiɗa bisa laka. Na samo wata yarinya tana tallan gyaɗa a bakin silima, uwarta ta ce, "In ta tafi jarrabawa wa zai ci da mu ranar?" Na ɗauki nauyin farantin ranar. Na samo wani yaro a garejin Nkololoun, bakin mai har wuya, maigidansa ya ce a ba shi aro rabin yini, kamar ana maganar sifana. Mata suka yi ta wanke tsofaffin rigunan lakwal suna shanyawa a kan murhu, don rana ba ta fitowa. Yaran da suka yi watanni ba su riƙe alƙalami ba aka yi musu aski, aka yanke musu farce. Na san abin da muke yi, gyaran fuskar buhu ne, kuma a sana'ata ba baƙon abu ba ne. Amma dai yaran da ƙuri'a ta faɗa wa ne, ba mu ƙirƙiro kowa ba.

Ranar jarrabawa aka ce waɗanda ba su fito a ƙuri'a ba su zauna a gida. Bilki ba ta cikin ƙuri'ar, amma ta ɗauki tukunyar wake ta bi Asabe kamar kullum, da rigar lakwal a jikinta don ita ce rigarta mai kauri. Ni ina rumfa. Abin da ya faru daga bakin Bilki na ji shi, da na matan da ke sayar da abinci a ƙofar.

Baƙi biyu suka zo daga Yawunde da akwati a kulle. Aka jera yaran a baranda, aka duba, ba su kai ba. Malamin ajinsu, saurayi ne da ya daɗe bai ga albashi ba, ya zagayo ta baya ya ga Bilki tana sauke tukunya. Ya kama hannunta ya ce, "Zo nan. Yau ke ce Rakiya Sule. In an kira ki amsa, kin ji? Don rufin lakwal ne." Yarinya ce, malaminta ne. Ta shiga layi.

Tsakanin baranda da inda Asabe take suya babu komai sai shingen kwano da ya ruɓe daga ƙasa. Baƙon yana kiran suna da ƙarfi saboda ƙarar ruwa. Ya kira, ya kira, ya ce, "Rakiya Sule!"

Wata murya ta ce, "*Présente*."

Matan sun ce Asabe tana riƙe da matsami, makala tana cikin mai. Ta tsaya haka nan har makalar ta yi baƙi, hayaƙi ya tashi, wata ce ta sauke mata kaskon. Ta zauna a kan turminta tana fuskantar shinge har aka tashi. Da yara suka fito, ta miƙe ta kalli Bilki, ta buɗe baki a gaban kowa ta ce, "Rakiya, ɗauki tukunyar nan mu tafi."

Sunan da ba ta taɓa faɗa wa mai shi ba ke nan. Hajara ta ce da suka shigo gida ma ta ji ta maimaita.

Na je wurin direkta washegari. Ban yi ihu ba, ba halina ba ne. Na gaya masa abin da malaminsa ya yi da abin da ya haifar. Ya cire tabarau ya daɗe yana gogewa, ya ce, "*Ashiya*, Alaji, ka yi haƙuri. Ban sani ba sai da suka tafi. Takardun sun riga sun shiga akwati."

Daga ranar Asabe ta warware, a ganin wanda bai sani ba. Tana ci, tana hira, har kitso ta yi. Amma da safe sai ka ji ta ta jikin katako, "Rakiya! Rana ta yi." Bilki ta ce, "Na'am, Inna." Ta ajiye mata makalar farko. Ta fito da rigunan marigayiyar ta ba ta. Idan Hajara ta aiki yarinyar, Asabe ta leƙo ta ce, "Maman Bilki, ki riƙa tambayata kafin ki aike ta." Ba ta manta akwai Bilki ba, takan ma tambayi lafiyarta, kamar wata ce da ta yi tafiya.

Malam Sule ya same ni a rumfa, ya tsuguna kusa da buhuna yana murza hularsa.

"Tanko, ka yi haƙuri da mu. Malamai sun ba da rubutu, tana sha. Ka bar ta ta ɗan kwana biyu a haka."

"Malam, 'yata ce fa. Jiya na kira ta sai da na ɗaga murya kafin ta waiwayo."

"Na sani. Ni ma in na ji sunan ta katanga, sai in ga kamar in na leƙa zan gan ta."

Na hana Bilki amsawa. Na ce duk wanda ya kira ta da sunan da ba a raɗa mata ba, ta yi kamar ba ta ji ba. Ta bi maganata. Da safe Asabe ta kira, shiru. Ta sake kira, shiru. Bilki tana zaune a bakin gadonmu ta toshe baki da hannu biyu, hawaye yana bin yatsunta. Asabe ba ta fita suya ba ranar, ba ta ci ba, washegari ma haka. Kafin mako ya zagayo sai an ɗaga ta take zama. Hajara ta ce, "Maigida, in matar nan ta mutu, a bakin wa za a ce ta mutu?" Na janye maganata. A ciniki na san inda ake tsayawa da inda ake sakin kaya, amma wannan ban ga gefen da ba asara ba.

Haka daminar ta yi ta tafiya. Ruwa yana zuba, albasa tana ruɓewa, ina kallon 'yata tana yawo da rigar wadda na sa hannu na binne. Ta rage magana. Ta daina wasan gaɗa da yaran gida. Wata rana na ji ta tana tsokanar Asabe da irin bakin Rakiya, har da yadda take jan ƙarshen magana, na ajiye lomar da ke hannuna na fita.

Abu ɗaya Asabe take jira: sakamako. A wurinmu jarrabawa ba ta da ma'ana sai an kafe sunaye a bango, wane ya ci, wane ya faɗi. Kullum in na dawo tana bakin ƙofa. "Baban Bilki, ya fito? Na Rakiya ya fito?" 'Yan uwanta a Ngaundare sun aiko a kawo ta gida, Malam Sule ma ba abin da ya rage masa a Duwala, amma ta ce ba inda za ta sai ta ji.

Na koma wurin direkta bayan an dawo hutu. Rufin yana nan yadda yake, ramin ya ƙara faɗi. Ya ce, "Alaji, irin wannan ba ta da sakamakon yaro. Ba mai ci, ba mai faɗuwa. Ana cire sunan a sa lamba, a zuba duka wuri ɗaya, a ce ga yadda yaran ƙasar nan suke. Ko ni ba za a gaya min abin da lakwal ɗina ta samu ba."

"To yaran da muka samo daga talla da gareji fa?"

"Sun koma inda kuka samo su. Amma a can an rubuta suna karatu."

Na yi ta tunani a hanya ko in ce mata ta ci. Kalma ɗaya ce, kuma ba wanda zai ƙaryata ni. Amma in na ce ta ci, sai ta ce a sa ta aji na gaba, ni kuma ban taɓa sayar wa maƙwabci abin da na san ruɓaɓɓe ne a ciki ba. Na same ta a tsakar gida tana tsince wake, Malam Sule yana gefe, na tsuguna na gaya mata yadda aka gaya min, ban rage ba ban ƙara ba.

Ta daɗe hannunta yana cikin waken.

"Ba za a kafe ba ke nan."

"Ba za a kafe ba."

"Amma an ƙirga ta?"

"An ƙirga ta."

"Cikin yaran ƙasar nan? Masu zuwa lakwal?"

"Cikinsu."

"Har can ƙasashen da ka ce?"

"Har can."

Ta gyaɗa kai a hankali, ta ci gaba da tsintar wakenta. Can ta ce wa mijinta, ba tare da ta dube shi ba, "Malam, ka nemo mana tikitin jirgin ƙasa."

Muka raka su gar, tashar jirgi, da hantsi, rana ta ɗan leƙo karon farko cikin kwanaki, laka tana tururi. Ni da Malam Sule muka ɗora kaya, Hajara tana riƙe da ƙunshin makalar da ta soya musu. Bilki tana tsaye kusa da Asabe, ta riƙe mata gefen mayafi, da rigar marigayiya a jikinta. Tun daga gida ban san abin da zan yi ba in matar nan ta kama hannunta ta ce su hau.

Jirgi ya yi kuka. Asabe ta sa ƙafa ɗaya a matakala, ta juyo, ta cire yatsun yarinyar daga mayafinta ɗaya bayan ɗaya. Ta dube ta sosai, irin kallon da ake yi wa wanda ya dawo daga tafiya mai nisa.

Ta ce, "Bilkisu, Allah ya yi miki albarka. Koma wurin uwarki."

Sai 'yata ta waiwaya baya, tana neman wadda ake kira.